Rudun Albasar Baba

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. In zai ambace ni sai ya ce "mutumin Bodinga", domin ina ɗan ƙarami aka kai ni can wurin kawuna, can na tashi, can na koyi ɗinki, can shagona yake har yau a bakin kasuwa. In na je ƙauyenmu da ke ƙasar Shagari nakan durƙusa daga nesa in gaishe shi, ya amsa yana kallon bangon zaure. Magana ta gaske kuwa sai ta bi ta bakin ƙanwata mai bi mini, wadda ke aure a cikin ƙauyen, ita ke kawo masa abinci tun rasuwar Inna. Muna zaune mu uku a tsakar gida zai ce mata, "A tambayi mutumin Bodinga ko iyali na lahiya," ita kuma ta juyo ta maimaita mini kamar ni kurma ne. Kunyar ɗan fari ke nan. Ban taɓa jin zafinta ba sai da na girma, na ga yadda yake hira da ita har yana dukan cinya don dariya.

Abin da Baba ke ji da shi a duniya albasa ce, kuma ba kowace ba, irin gidanmu. Ja ce wur, matsakaiciya, mai siririn wuya, ɓawonta a matse, tana iya wuce damina a ajiye ba ta tsira ba. Daga kakansa ta zo, ba a samun irinta a kasuwa. Kowace bazara in an cire albasa a fadama, zai zauna ya zaɓi kawunan da suka fi kyau ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a rudu, wato rumfar kara da aka ɗaga bisa ƙasa aka yi mata jinka don iska ta ratsa. Nan za su zauna har ruwa ya ɗauke, a mayar da su ƙasa, su yi fure, a sami ƙwayar shuka. Duk mako yakan taka ɗan tsani ya hau, ya sa hannu har gwiwar hannu cikin tarin, ya juya, ya shinshina, ya tsince wadda ta fara laushi. Hannun kowa ba ya taɓa albasar iri sai nasa. Ya ce baƙon hannu ruɓa yake kawowa.

Daga kan wannan tsanin ya faɗo, ƙarshen wata damina, ƙugunsa ya goce. Ya yi watanni a kwance. Ni na riƙa zuwa ina sa 'yan ƙodago aikin fadama, kuma albasar ci ta yi kyau. Amma kwamin iri, wato fangalin da aka dasa can gefe don ƙwaya, na manta da shi sarai. Ya yi fure, ya bushe a tsaye, iska ta kakkaɓe ƙwayar a ƙasa kafin wani ya tuna. Ƙwayar albasa kuwa ba ta jure ajiya, tsohuwa ba ta fita. Saboda haka a bazarar nan babu abin da ya rage na irin kakanninmu sai kawunan da Baba ya zaɓa yana zaune a kan tabarma, aka ɗaga shi ya jera su a rudu. In suka lalace, iri ya yanke. Ya sani, na sani, kuma na san laifin wa ne.

Ana cikin haka wani mutum ya kawo mini ɗinkin shadda. Ma'aikaci ne a wani shirin taimakon manoma, mai yawan magana, ni ma ba baya ba. Da na ba shi labarin rudun, sai ya sa hannu a jaka ya fito da wani farin abu kamar kwalin ashana, mai ƙananan huji a gefe ɗaya. Ya ce a tura shi cikin tarin albasa. Yana jin zafi, yana jin danshi, kuma in ka matso kusa da waya zai yi mata magana ta bulutut, ita kuma ta kai labarin intanet, ta dawo maka da amsa. Kore, lafiya. Rawaya, a duba. Ja, a yi maza. Ya sa mini manhajarsa a waya, muka gwada a shago. Ya hura wa hujin numfashi, sai ga koren ya koma rawaya a gabana. Ya ce, "Ka ga hujin nan? Hancinsa ke nan. Kada a toshe shi, kada kuma ruwa ya zuba masa." Na ce na ji. Wallahi na ji ɗin, amma rabin maganar kawai na kai gida.

Ranar da na kai shi, na hau rudun da kaina na tura shi tsakiyar tarin da kara, don kada hannuna ya taɓa albasar. Baba na zaune a inuwa yana kallon wani wuri, amma na san babu abin da ya wuce masa. Na ce wa ƙanwata ta gaya masa ya huta da hawa, yanzu akwai mai gadi. Na ce ta gaya masa abu ne mai daraja, daga nesa aka kawo shi, kada ruwa ya taɓa shi. Zancen huji ban yi ba. Ina ta ɗokin nuna mata koren da ke wayata.

Can Baba ya ce mata, "Shi yak kawo shi da hannunai?"

Ta ce, "Shi fa, Baba. Ba ga shi nan tsaye ba?"

Ya gyaɗa kai.

Bari in faɗi abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Abin da ya fi yi mini daɗi game da wannan na'ura shi ne maganarta tana kaiwa har bakin darni, shingen karan da ya kewaye gidan. In na tsaya da babur ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan gida, waya za ta yi ɗan ƙara, kore ya fito. Ba sai na shiga ba. Ba sai na durƙusa ina gaida mutum yana amsa wa bango ba, ba sai warin albasa ya kama rigata in koma shago masu kaya suna yatsina fuska ba. Sai in ɗaga murya in yi sallama ta bisa darni, in ce a gaida Baba, ina sauri. Na riƙa gaya wa abokan sana'a cewa duk mako ina zuwa duba tsoho, suna sa mini albarka. Rudu nake dubawa, shi ma daga waje.

Mako biyu da kai na'urar na iso na hango hular Baba ta bisa darni. Yana kan tsani, ƙafa ɗaya tana rawa, sandarsa a ƙasa. Raina ya ɓaci, tsoro ne ya zama fushi. Na shiga, na jira ya sauko, na ɗauki tsanin na ɗaure a bayan babur. Haka na ratsa ƙauyen da tsani a gindina, mutane na kallo, har Bodinga, na jingina shi bayan shago. Na aika wa ƙanwata cewa in ya sake faɗuwa ba mai ɗorin da zai iya masa, kuma albasa tana hannuna. Ta ce, "Yaya, ka ɗauke ma tsoho ƙahwa." Na ce gara in ɗauke masa tsani da in ɗauki gawarsa. Har yau ina ganin a nan ban yi kuskure ba. Kuskuren yana gaba.

Damina ta kankama. Ruwa ya yi ta zuba, irin wanda gero ke so, bango na jiƙa, zare a shagona har yana kama danshi. Duk zuwan da na yi, kore. Ranar rana kore, ranar da aka kwana ana ruwa kore. Mai hankali da ya tsaya ya ce, wai shin abin nan ba ya canza magana ne? Ni kuwa daɗi nake ji. Nakan ce ka ga aikin ilimi.

Cikin watan da hatsi ke fitar da kai, wata ranar kasuwar Shagari, na biya. Ƙanwata ta tare ni a bakin darni da kwanon tuwo a hannu.

Ta ce, "Baba yac ce in ka zo a tambaye ka, wai wayar nan tana jin wari?"

Na ce, "Wane irin wari?"

Ta ce, "Haka dai yac ce. Kwana uku ke nan yana zama gindin rudu yana ɗaga hanci."

Yanzu na gane cewa wannan ita ce iyakar ƙarar da Baba zai iya yi mini. Mutumin da bai taɓa ce mini kai ba, ba zai ce zo ka dawo mini da tsanina ba. Amma a ranar gatse na ji. Na ji kamar yana cewa kai da ka bar ƙwaya ta zube, kai ne za ka koya mini albasa. Na zaro waya na danna mata a fuska, ga kore shar. Sannan na ɗaga murya, da gangan, yadda zai ji daga inda yake zaune.

Na ce, "A ce mishi zamanin shinshine-shinshine ya wuce. Hancin tsoho ba ya fin na'ura."

Ƙanwata ta dube ni kamar ta watsa mini miyar. Ta ce, "Wannan ba ni kai ta. Ka riga ka kai abarka." Na tada babur na tafi, kuma tun kafin in kai titi maganar ta fara ci na. Amma ban juya ba. Girman kai ne, ba wani abu ba.

Daga ranar Baba bai sake aiko da saƙo ba. Na zo mako na gaba, kore. Na sake zuwa, kore. Ƙanwata ta daina fitowa tarye na. Na ɗauka fushi take, na ce ta gaji ta huce.

Sai wata safiya ina kan keke ina ɗinkin wuyan riga, napep ta tsaya a ƙofar shago, ta fito. Ba ta taɓa zuwa shagona ba. Ba ta gaida kowa ba, ta zagaya baya ta jawo tsanin nan da kanta, ta jefar a gabana.

Ta ce, "Tashi. Ƙudaje sun rufe rudu, maƙwabta sun fara magana. Baba ya bar cin abinci, kuma ya hana ni hawa. In kai ba ka da hanci, mu muna da shi."

Tun daga bakin darni warin ya tare ni. Duk wanda ya san ruɓaɓɓiyar albasa ya san ba ta da na biyu, wari ne mai zaƙi-zaƙi da ke manne wa maƙogwaro. Daidai lokacin wayata ta yi ɗan ƙaran nan nata a aljihu. Na duba. Kore.

Na kafa tsani na hau. Daga sama albasar tana nan jawur kamar babu abin da ya same ta. Na sa hannu, karo na farko a rayuwata, sai hannun ya nutse cikin wani abu mai ɗumi kamar kunu. Jinkar ta yi ɗan yoyo ta kusurwa ɗaya, ruwa ya riƙa ɗiga yana gangarawa tsakiya, ɗaya ta ruɓe ta kama ta kusa da ita. Abin da hannun Baba zai tsince cikin mako guda, ya samu wata da wani abu yana ci. Na yi ta tona ina neman na'urar inda na tura ta, ina zaginta a raina, ina zagin mai shaddar da ya ba ni. Ba ta nan.

Da na ɗaga kai sai na ga wani abu yana lilo a sandar tsakiyar jinka, can sama inda iska ke wucewa. Laya ce ta jar fata, sabuwa, an yi mata ɗinki mai kyau da ado a baki da 'yan tuntaye biyu. Na tsinke ta. Girman kwalin ashana. Na zaro ɗan almakashin da ba ya barin aljihuna na farke ɗinkin. Cikin fata akwai leda, an naɗe ta sau da yawa an ɗaure da zare, cikin leda akwai auduga, cikin auduga ga na'urata fara tas, a bushe, ko ƙura babu. Tun makon farko take nan a rataye, hancinta a toshe, tana ba ni labarin cikin auduga.

Na sauko da ita a hannu, ɗaya hannun yana ɗigar ruɓa. Baba na zaune a kan tabarma, ya rame, idonsa a ƙasa. Na manta da kunya, na manta da komai. Na ce, "Wa ya yi wannan? Wa ya ce a ɗinke ta? Abin da aka ce a bar shi cikin albasa, an mai da shi laya?" Ina magana ina kallon ƙanwata, amma kowa ya san da wa nake. Baba ya jawo sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya shiga ɗaki, ya saki labule.

Ƙanwata ta bar ni na gama huci. Sannan ta yi magana a hankali, abin da ba halinta ba.

Ta ce, "Kai kac ce kada ruwa shi taɓa ta. Kai kac ce abu ne mai daraja. Ka ce wani abu bayan wannan?"

Sai na tuna mai shadda yana hura wa hujin numfashi.

Ta ce, "Kwana biyu da kawo ta yah hau ya ciro ta. Yac ce ba a barin abu irin wannan cikin ƙazanta. Ni na raka shi wurin baduku ranar kasuwa, da sandarshi, yana tafiya yana hutawa. Shi ya zaɓi fatar. Baduku ya tambaye shi mi ne ne ciki, ka san abin da yac ce?"

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Yac ce, yi mata ɗinki na ƙwarai, ɗana yak kawo min ita."

Na zauna a ƙasa, nan cikin ruwan albasa, da farar rigata. Shekara arba'in da wani abu ina jiran wannan kalma, ashe an faɗe ta a rumfar baduku, ba na nan. Kuma na yi lissafi a raina, ba na kuɗi ba: na sha aiko masa da hatsi da riguna ta hannun mutane, amma wannan ne abu na farko da na taɓa kawowa gidan da hannuna na ce na Baba ne.

Muka kwashe rudun ni da ita har la'asar. Baba bai fito ba, bai kuma hana mu taɓawa ba, wannan ma ya ishe ni bayani. Waɗanda muka samu da ɗan ƙarfi ba su cika ƙwarya ba. Muka shanya su a inuwa, na riƙa zuwa kullum ina juya su, ina shiga har cikin gida. Da ruwa ya ɗauke na goya Baba a babur zuwa fadama, ya dasa su da hannunsa yana zaune. Ruɓar ta riga ta shiga zuciyarsu. Kaɗan suka tsiro, suka yi rawaya, suka kwanta. Ko ɗaya bai kai ga fure ba.

Akwai wani mutum a Dandin Mahe da Baba ya taɓa ba ƙwaya shekarun baya. Na je na same shi da kaina. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni abin da yake da shi, amma ya gaya mini gaskiya cewa ya daɗe da gauraya ta da ta kasuwa. Muka shuka. Da aka cire, na kawo wa Baba kai ɗaya mafi kyau. Ya juya shi a tafin hannu, ya matsa wuyan da babban yatsa, ya kai hanci. Sannan ya ajiye shi a gefen tabarma, ya ce wa ƙanwata ta sa a miya.

Ban nemi gafararsa da bakina ba. Na yi niyya ya fi a ƙirga, in na durƙusa sai harshen ya ƙi. Na ce wa ƙanwata ta gaya masa, ta ce wannan ma ba ta kai ta, in kai abata. Har yanzu ban kai ba, kuma abin yana damuna fiye da yadda zan iya rubutawa.

Saƙo ɗaya ya aiko mini bayan haka. Ya ce a gaya wa mutumin Bodinga, tun da shi tela ne, ya ɗinke abin da ya farke. Na ɗauki fatar da na'urar na kai shago. Na yi tunanin in huda mata ƙofofi daidai hancin, in cire ledar, sai na ga babu albasar da za ta shinshina kuma. Na mayar da audugar, na mayar da ledar, na bi ramukan allurar baduku ɗaya bayan ɗaya da hannu. Na kawo, na kafa tsani, na rataye ta inda na same ta, yana zaune yana kallon wani wuri.

Mai shadda ya ce batirin zai kai shekara biyu. Jiya ma na je. Ina isa gindin dogon yaro wayar ta yi ƙara, na duba, kore. Na kashe babur na shiga. Baba na zaune gindin rudun, babu komai a cikinsa sai kara, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango.